Ranar da Ji Ya Riga Gani

Iyayena da 'yan'uwana na Marnona, na Wurno, na Raba da Goronyo, da duk inda muryar nan ta isa, ina gaishe ku da aiki. Yau ba maganar taki za mu yi ba, ba kuma ta farashin albasa ba. Yau sama za mu ɗaga kai.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Haka yake a kasuwar Acida, haka yake a gaban alƙali. Amma an yi wata rana da masana taurari suka ji abin da ido ba zai taɓa gani ba. Labarin wannan ranar na zo muku da shi. Kafin mu shiga, ku riƙe mini magana guda. Tun da ɗan Adam ya fara nazarin sama, kusan duk abin da ya sani haske ne ya kawo masa. Daga shekarar 2015 aka sami wata hanya dabam, wadda ba ruwanta da haske. Ita ce maganar tamu ta yau.

To, mu fara daga gida.

Duban sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Dattijon da ke noma a fadamar Wurno ya san Kaza da 'Ya'yanta. Ya san Zara matar wata. Ya san Gamzaki mai fitowa goshin asuba. Malamanmu masu hisabi suna bin taurarin damina ɗaya bayan ɗaya, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kowane da kwanakinsa, manomi na kasa kunne don ya san inda damina ta kai. Ga kuma duban wata, wanda ƙasa duka ke jiran sanarwarsa daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Can baya, Katsina ta fitar da Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Nan kusa da mu, a Salame, Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya zurfafa a irin waɗannan fannoni.

Sai dai a rarrabe. Ilmin falaki dabam, duba dabam. Mai falaki yana auna tafiyar wata da taurari don a san lokaci da alƙibla. Mai duba cewa yake tauraro ya gaya masa wadda za ka aura. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda hubbarensa ke Wurno, ya yi rubutu yana jan kunnen jama'a game da masu duba da taurari. Abin da za mu tattauna yau awo ne da lissafi. Babu duba a ciki.

Duk waɗannan bayin Allah, da me suka yi aiki? Da ido. Da aka ƙera madubin hangen nesa sama da shekara 400 da suka wuce, idon ne aka ƙara wa ƙarfi. Na'urorin zamani masu kama hasken da idonmu ba ya iya gani, su ma dai haske suke tarawa. To abin da ba ya fitar da haske fa? Nan gizo ke saƙar.

Wannan ke nan. Yanzu mu je ga mutumin da ya fara hango wata hanya.

Sunansa Albert Einstein, haifaffen ƙasar Jamus. A 1915 ya kawo sabon bayani a kan abin da kowa ya sani amma ba kowa ya tambaya ba. Me ya sa in ka saki dutse yake faɗowa ƙasa? Me ke riƙe da wata bai ɓalle ya tafi ba? Kafin shi, cewa ake wani ƙarfi ne ke jan abu zuwa ga abu. Shi ya ce a sake dubawa. Sararin nan da muke ɗauka fili ne kawai, ba kome a cikinsa, lanƙwasuwa yake. Abu mai nauyi irin rana yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi. Duniyarmu kuwa wannan lanƙwasar take bi tana zagayawa.

Magana ce mai ɗaure kai, na sani. Mutanen zamaninsa ma ba su karɓe ta haka nan ba, sai da aka gwada. Kuma ɗaya daga wuraren gwajin maƙwabcinmu ne. Ranar 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana. Wani masani ɗan Ingila, Arthur Eddington, ya je tsibirin Firinsife, a tekun da ke kudu da Najeriya, ya ɗauki hoton taurarin da ke kusa da rana sa'ad da ta rufe. Sai aka ga sun ɗan goce daga mazauninsu. Haskensu ya lanƙwasa da ya zo wucewa ta gefen rana, yadda lissafin ya ce.

Ga inda labarinmu ya samo asali. A 1916 Einstein ya ƙara da cewa in manyan abubuwa masu nauyi suka yi motsi mai ƙarfi, alal misali biyu suna zagaya juna a guje, lanƙwasar ba za ta tsaya wuri ɗaya ba. Bazuwa za ta yi ta ko'ina da saurin haske. Duk inda ta ratsa, sarari zai miƙe ta wannan gefe, ya tsuke ta wancan, sannan ya juya. Mu kira ta girgizar sarari. Ba girgizar ƙasa ba ce, ba ta iska ba. Filin da ƙasa da iska ke zaune a ciki, shi ne ke girgiza.

Einstein kansa bai sa ran za a taɓa auna ta ba, don ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Har a 1936 ya yi wani rubutu yana cewa babu ita, sai da aka gano kuskure a lissafin ya janye. Gwani ma yakan yi tuntuɓe. A 1969 wani Ba'amurke, Joseph Weber, ya ce ya kama ta da wasu manyan gungumen alminiyam. Duniya ta ɗauka. Wasu suka ƙera irin na'urarsa, suka kasa kunne, shiru kake ji. Maganarsa ta sha ruwa.

To, ta yaya aka kama ta daga baya? Ku biyo ni a hankali, nan ne wurin daɗin.

A Amurka aka gina wasu na'urori biyu da ake kira LIGO. Ɗaya a Livingston, jihar Luwiziyana, ɗaya a Hanford, jihar Washinton. Tsakaninsu kilomita 3,000. Kowace tana da hannu biyu, dogayen bututu ne da suka haɗu a kusurwa, kowane hannu kilomita 4. An zuƙe iskar da ke ciki. A ƙarshen kowane bututu an rataye madubi mai nauyin kilo 40 da siririn zaren gilashi. Sai a harba hasken leza, a raba shi biyu, rabi ya bi wannan hannu, rabi ya bi wancan. Ya yi ta kai da komo tsakanin madubai sau ɗaruruwa, sannan su dawo su haɗu. An saita abin ta yadda in tsawon hannayen ɗaya ne, hasken nan da na can za su kashe juna, a ga duhu. In wani ya ɗara wani ko da ƙiris, sai ɗan haske ya ɓullo. Girgizar sarari kuwa in ta zo, hannu ɗaya take miƙarwa, ta tsuke ɗayan. Dabarar ke nan.

Amma ƙiris ɗin nan, wane irin ƙiris? Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, haske kansa sai ya yi tafiyar sama da shekara 4 kafin ya iso daga can. A ce a auna wannan nisan duka, a gane ya ƙaru da kaurin silin gashi guda. Irin wannan awon ake nufi. Saboda haka kome na iya ruɗa na'urar. Babbar mota ta wuce, ta ji. Masu saran itace a dajin Luwiziyana, ta ji. Teku ya yi hauka, ta ji. Akwai lokacin da wani motsi ya dami ma'aikatan Hanford, aka yi ta bincike. Ashe hankaki ne ƙishirwa ta koro, suna saran ƙanƙarar da ta daskare a jikin wani bututu.

Daga 2002 zuwa 2010 na'urorin farko suka yi ta saurare, ko ƙyas. Aka rufe, aka sake ƙera su.

Sai ranar Litinin, 14 ga Satumba 2015. A nan gida damina ta fara ja da baya, gero ya nuna, saura kwana 10 Babbar Salla, hankalin kowa na kan rago. Da ƙarfe 11 saura minti 10 na safe agogonmu, na'urar Livingston ta motsa. Kafin ƙiftawar ido ta Hanford ma ta motsa, iri ɗaya sak. Duka abin bai kai rabin daƙiƙa ba. Amurka na barci a lokacin. Wani matashin masani ɗan Italiya, Marco Drago, da ke aiki a Hanoba ta ƙasar Jamus, shi ya fara ganin alamar a kwamfutarsa. Da aka mai da alamar ta zama sauti, sai aka ji ɗan gajeren kuka. Ya fara ƙasa-ƙasa, ya haura sama, ya yanke.

Mene ne wannan? Lissafi ya nuna baƙaƙen ramuka biyu ne suka yi karo. Baƙin rami, jama'a, gawar ƙaton tauraro ce. In makamashinsa ya ƙare sai ya rufta cikin kansa, ya dunƙule, har ta kai ko haske ya shiga ba ya fitowa. Shi ya sa ba a ganinsa. Waɗannan biyun, kowane ya ninka ranarmu nauyi wajen sau 30. Sun daɗe suna zagaya juna, suna matsowa, suna ƙara gudu, har suka haɗe suka zama ɗaya. A wannan ɗan taƙin, abin da ya kai nauyin rana 3 ya rikiɗe ya zama girgiza. Ƙarfin da ya fita a tsakiyar karon ya zarce hasken dukan taurarin da ake iya hange in an haɗa su wuri ɗaya. Amma madubin hangen nesa bai ga kome ba. Kuma abin ba jiya ya faru ba. Girgizar ta yi sama da shekara biliyan 1 tana tafe. Da ta iso, ba Amurka kaɗai ta ratsa ba. Duniya ta ratsa ɗungurungum. Ta ratsa madatsar ruwa ta Goronyo, ta ratsa mahaɗar Marnona, ta ratsa ni da kai. Ba mu ji ba, don ba mu da abin ji.

Kun ga abin da nake faɗa tun farko. Haske bai kawo labarin ba, amma labarin ya iso.

Yanzu ga wurin da ya fi burge ni. Masanan ba su fito ranar sun yi shela ba. Wata 5 suka yi suna bincike.

Mu mutanen Sakkwato mun san wannan ladabin. Ba don mutum ɗaya ya ce ya ga jinjirin wata sai a ce gobe azumi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya sai adilai biyu sun shaida, ko jama'a mai yawa. Sai an tambaya a ina, da wane lokaci, ta wace fuska. Hakimi ya kai gaba, kwamiti ya tantance, sannan Sarkin Musulmi ya sanar. Masanan ma haka suka yi. Dalilin gina na'ura biyu nesa da juna ke nan. Motar da ta girgiza ta Luwiziyana ba za ta girgiza ta Washinton ba. Sai shaidun biyu sun faɗi magana ɗaya a lokaci ɗaya.

Duk da haka sai da suka tuhumi kansu. Domin a 2010 shugabannin aikin sun taɓa cusa alamar ƙarya cikin na'urar, da gangan kuma a ɓoye, don a gwada ma'aikata. Aka yi wata 6 ana wahala, har an rubuta sakamako, sannan aka ce musu jarrabawa ce. Wanda aka taɓa yi wa haka ba ya saurin murna. A wannan karon sai da suka bi kowace waya, suka binciki duk wanda ke da ikon taɓa na'urar. Jita-jita ta ɗan fita, amma ba su tabbatar wa kowa ba. Sai ranar 11 ga Fabrairu 2016 suka sanar a birnin Washinton. Takardar da suka fitar, sunayen mutum sama da 1,000 ke kanta. A 2017 aka ba uku daga cikin jagororin kyautar Nobel, wato Rainer Weiss da Kip Thorne da Barry Barish. Ku gwada wannan da halinmu na yau, da saƙo zai shigo waya da safe, kafin azahar ya zagaye gari, ba wanda ya tambayi tushensa.

To, me wannan ya ƙara wa ilmin taurari? Mu juya can.

Kafin wannan ranar, baƙin rami sai dai a gane shi ta ɓarnar da yake yi wa taurarin da ke maƙwabtaka da shi. Ba wanda ya tabbatar suna zama bibbiyu har su yi karo. Yau an ji irin wannan karon ɗaruruwa. Italiya na da tata na'urar kusa da birnin Fisa, Jafan ta haƙa tata a ƙarƙashin dutse, Indiya ma ta amince za ta gina. Da yawan na'urori ake gane ta wace fuskar sama girgizar ta fito.

Amfanin hakan ya bayyana ranar 17 ga Agusta 2017. A wannan karon ba baƙaƙen ramuka ba ne. Wasu gawawwakin taurari ne da ba su kai su nauyi ba, ana ce musu taurarin niyutron. Kowane faɗinsa wajen kilomita 20 ne kacal, amma ya fi rana nauyi. Aka ji girgizarsu. Daƙiƙa 2 ba ta cika ba, wani tauraron ɗan Adam ya ga walƙiya daga sama. Nan take aka aika wa masu madubin hangen nesa a faɗin duniya cewa su duba waje kaza. Cikin sa'o'i kaɗan wani madubi a ƙasar Cile ya gano wurin. Cibiyoyi wajen 70 suka juya can, har da babban madubin da ke Sutherland a Afirka ta Kudu. Kunne ya ce wa ido duba nan, ido ya duba ya gani.

Daga wannan karo ɗaya aka tabbatar girgizar da haske gudunsu ɗaya, don sun yi tafiyar shekara miliyan 130 sun iso kusan tare. Sannan hasken da ya biyo baya ya nuna alamar ana ƙera ma'adinai masu nauyi a cikin wutar karon. Masana na ganin ta irin wannan hanyar aka sami kaso mai yawa na zinaren da ke duniya. Zinaren da ake haƙa a Anka da Maru. Wanda ke kunnen amarya. Wanda ake ƙiyasta nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki da shi. Mu dai sai mu ce tsarki ya tabbata ga Mai halitta.

Kuma da sauran tafiya. Haske ƙura na tare shi, ita kuwa girgizar sarari ratsa kome take. Shi ya sa masana ke fatan wata rana ta kawo labarin zamanin da ya yi nisan da haske ba zai iya kawowa ba. Ƙasashen Turai sun riga sun amince da harba na'urori 3 sararin samaniya nan gaba, don su saurari karon ramukan da suka ninka waɗancan nauyi sau dubbai.

Yanzu ga tambayar da na san tana ran wani. Yana zaune bakin shago yana cewa, Malam, mu da 'yan bindiga suka hana mu barci da minshari, ga taki ya gagari talaka, ga ambaliya in gulbin Rima ya cika, ina ruwanmu da ramukan da suka yi karo? Ɗan'uwa, kana da gaskiya. Ba zan ce maka girgizar sarari za ta sauko da farashin buhu ba. Ba za ta yi ba. An kashe sama da dala biliyan 1 a aikin nan, kuma ko kwano ɗaya na gero bai ƙara wa kowa ba.

Amma dubi akwatin da kake saurarena da shi. A shekarun 1860 wani masani, James Clerk Maxwell, ya nuna da alƙalami da takarda cewa akwai wasu igiyoyi da ido ba ya gani masu tafiya da saurin haske. Sai a 1887 Heinrich Hertz ya kama su a ɗakin gwajinsa a Jamus. A ranar ba su ciyar da kowa ba. Yau su ne rediyo, su ne wayar da ke aljihunka. Lissafin Einstein ma haka. Agogunan da ke cikin taurarin ɗan Adam masu nuna wa direba hanya a waya ba sa tafiya daidai da na ƙasa. Ba don ana gyara su da wannan lissafin ba, da taswirar ta riƙa ɓata da kilomitoci cikin yini guda. Ilmin irin wannan ba ya nuna riba a shekarar da aka shuka shi. Waɗanda suka shuka dai su ke sayar mana da abin da ya haifa.

Abin da ke damuna ke nan. Gana, ƙasar da ba ta kai mu girman tattalin arziki ba, ta ɗauki wani tsohon faifan sadarwa a Kuntunse kusa da Akara, ta mai da shi na'urar nazarin taurari a 2017. Mu muna da hukumar sararin samaniya tun 1999, amma yaro a Raba na iya gama sakandare bai taɓa leƙa madubin hangen nesa ba. Alhali bayanan da LIGO ta tara suna nan a intanet, kyauta, ga duk mai so. Ɗalibin fiziya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in yana da kwamfuta da malamin da zai ja masa gora, yana iya sauke ainihin alamar ranar 14 ga Satumba ya yi nazarinta da kansa.

Saboda haka kirana gare ku ne, iyaye. Yaron da ya dame ku da tambaya, me ya sa wata ke raguwa, ina rana ke kwana, kada a ce masa ya cika surutu. Yarinyar da ta iya lissafi, a bar ta ta ci gaba da karatu. Malaman kimiyya na makarantunmu, ku ba ɗalibai labarin nan ko da allo da alli ne kawai gare ku. Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Raba da Goronyo, ƙaramin madubin hangen nesa guda a kowace babbar sakandare bai fi ƙarfinku ba. A saya, a danƙa wa malamin da zai kula da shi.

Nan za mu dakata. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu.